Ƙaro da Yauƙi a Harhaɗa Ƙwayar Magani: Misali daga Sudan

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙaro. Da shi malamai ke haɗa tawada don rubutu ya kama allo, da shi kuma masu wankin hula ke sa ta tsaya. Wannan aikin na riƙe abu da abu shi ne ya kai ƙaro cikin masana'antar magani.

Masana tsirrai sun bambanta yauƙi da ƙaro. Yauƙi, irin na kuɓewa da lalo da karkashi, tsiro ne ke samar da shi cikin ƙoshin lafiya. Ƙaro kuwa sai an ji wa itace rauni yake tsattsafowa ya daskare. Amma a wajen masu harhaɗa magunguna, da zarar an narkar da ƙaro a ruwa ya yi kauri, sunansa yauƙi. Mafi daraja shi ne na dakwara, wadda Larabawan Sudan ke kira hashab, sai na dushe, wato talha. A Kordofan ana tsaga bawon dakwara bayan ɗaukewar damina, a jira makonni huɗu zuwa shida kafin tsintar farko.

Garin magani zalla ba ya dunƙulewa, ko an danne shi wargajewa yake yi. Saboda haka akan gauraya shi da sitaci ko sukarin madara, a yayyafa ruwan ƙaro a cuɗa, a tura ta rariya ya fito 'yan gudaji-gudaji kamar dambu. Sai a busar, inji ya danne shi ya zama ƙwaya. Yawanci ƙaron bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba. A nan gwaninta take. In ya yi kaɗan, ƙwayar ta marmashe tun a hanya. In ya yi yawa, ta yi tauri ta ƙi narkewa da wuri a ciki, majinyaci ya sha magani amma aikinsa ya makara. Akwai kuma wasu sinadarai a ɗanyen ƙaro da ke iya ɓata wasu magunguna, shi ya sa akan dafa shi kafin amfani. Waɗannan matsaloli na daga cikin dalilan da suka sa masana'antu da yawa suka koma ga mahaɗan da ake ƙera su a ɗakin gwaji, yayin da masu bincike ke gwada yauƙin kuɓewa da makamantansa.

Sudan ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen fitar da ɗanyen ƙaro. A 1969 aka kafa Kamfanin Ƙaro a Khartum, wanda shi kaɗai ke da ikon fitar da ɗanyen har zuwa 2009. Ko takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a 1997 sai da aka bar wa ƙaro ƙofa, domin kamfanonin lemo da na magani ba su da madadinsa. Abin takaici, mafi yawan tacewar a Turai ake yi, musamman Faransa, inda ake mayar da shi gari mai tsabta mai lamba E414. Ribar mai tsoka can take tsayawa, alhali a kasuwar Omdurman an saba auna ɗanyensa a tsibi kamar kowane kayan ƙoli.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya taɓa ɓangarorin biyu. Akasarin masana'antun magani na ƙasar suna jihar Khartum ne, musamman a Bahri, kuma da yawansu sun tsaya ko an wawashe su. Hanyar da ke ɗauko ƙaro daga Al-Ubayyid zuwa Fot Sudan ita ma ta yi wuyar bi, har wani kaso ya riƙa sulalewa ta Chadi da sauran maƙwabta. Wannan ya dagula wa masu saye lissafi, domin kamfanin magani ba ya karɓar mahaɗi sai da takardar da ke nuna asalinsa da tsabtarsa.