MRI da sankarar mama: abin da na'urar ke gani da abin da ba ta iya faɗa

Daga ƙarƙashin gadar sama ta Sofoline zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Ji, tafiyar 'yan mintoci ce a tirotiro in ba cunkoso. Duk da kusancin nan, yawancin masu sankarar mama ba sa isa gaban likita sai ƙullutun ya yi girma, wani ma ya fashe ya zama gyambo. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 kaɗai cutar ta kama mata sama da 4,000 a Ghana, ta kashe fiye da 2,000.

A hirar Zangon Kumasi, an ɗauki na'urar MRI tamkar alƙalin da zai yanke hukunci. To, ba haka take ba.

Na'urar ƙaton maganaɗisu ce mai rami a tsakiya. Mace za ta kwanta rub da ciki, nonuwanta su sauka cikin wasu gurabu biyu, a tura gadon cikin ramin. Wajen rabin awa ko fiye ba motsi, ga ƙara kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, shi ya sa ake toshe mata kunne. Na'urar ba ta amfani da hasken eksire; ruwan da ke jikin mutum take bi ta zana hoto. Sirrin aikin yana cikin allurar gadoliniyam da ake yi a jijiya. Sankara tana tsiro da sababbin hanyoyin jini masu yoyo don ta ci ta girma, saboda haka takan zuƙe maganin da sauri, ta yi haske a hoto, sau da yawa kuma ta sake shi da wuri. Da wuya sankara ta ɓuya wa na'urar, ko a nonon mai ƙuruciya da namansa ke da tauri, inda mamogiram, wato hoton eksire na nono, kan ruɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ghana, inda cutar ke kama mata da dama tun ba su kai hamsin ba.

Sai dai ganin nata ya yi yawa. Takan haska abin da ba sankara ba, a tayar wa mace hankali, a sa ta kashe kuɗi. Tabbaci ɗaya ne: a tsakuro ɗan naman da allura a duba a ɗakin gwaji. Wadda ta taɓa ƙullutu ta zauna tara kuɗin MRI, alhali sikanin da gwajin nama sun fi araha, lokaci take ba cutar.

Ina amfaninta ke nan? Kafin tiyata, takan nuna iyakar inda cutar ta kai da ko ta taɓa ɗaya nonon, sai likita ya san ko ƙullutun kawai zai cire ko duka. Idan an fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ita ke nuna ko ciwon yana motsewa. Tun 2007 kuma ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu gadon cutar, irin masu taɓin ƙwayar halitta ta BRCA, sau ɗaya a shekara tare da mamogiram.

Kafin allurar akan duba lafiyar ƙoda, ba a kuma yi wa mai ciki. Wadda ke da na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki ta faɗa tun a bakin ƙofa, don maganaɗisun ba a kashe shi ko da dare.