Magneziyam: ƙarfen da ba a kashe wutarsa da ruwa

Ranar 11 ga watan Yuni na 1955, a gasar tseren motoci ta Le Mans da ke Faransa, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta yi sama ta tarwatse cikin ƴan kallo. Mutum fiye da 80 suka rasa rayukansu. Ragowar motar ta kama da wuta, masu aikin ceto suka watsa mata ruwa, sai wutar ta ƙara ruruwa, ta yi sa'o'i tana ci. An ƙera jikin motar ne da ƙarfen da aka haɗa da magneziyam.

Magneziyam farin ƙarfe ne marar nauyi, ya fi alminiyam sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa masu ƙera motoci da jiragen sama da kwamfutoci suke son sa. Lambarsa 12 a jadawalin sinadarai, kuma kowace ƙwayar zarrarsa tana da elektiron biyu a bakin waje waɗanda take saki cikin sauƙi. Wannan ne ya sa yake saurin haɗuwa da iskar oksijin.

Dunƙulen magneziyam ba ya kamawa da wuri, domin wani siririn ɓawo yana rufe samansa ya kare shi daga iska. Garinsa da ɓurɓushinsa ne ke kamawa nan take. Idan ya kama, yana fitar da farin haske mai cutar da ido, zafinsa kuma yakan kai wajen digiri 3,000.

A irin wannan zafi, magneziyam yana fizge oksijin da ke cikin ruwa, ya saki iskar haidurojin, ita kuma ta kama da wuta ko ta fashe. Haka yake yi wa iskar kabon dayoksaid da ke cikin wasu tukwanen kashe gobara: ya ƙwace oksijin ɗinta, ya bar baƙin toka, ya ci gaba da ci.

Wannan ya shafi makanikai da masu walda da ƴan gwangwan, tunda ana samun magneziyam a akwatin giya da ƙarfen sitiyarin wasu motoci. In irin wannan ƙarfe ya kama, a rufe shi da busasshen yashi ko garin kashe gobara na rukunin D, a kawar da ido daga hasken, a kira ƴan kwana-kwana a faɗa musu irin ƙarfen da ke ci.