Amortisa, Risor da Lam: Abin da Mai Mota Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Je Garaji

Duk wanda ke fita da asuba daga Talladje zuwa kasuwar Wadata, Katako ko Babbar Kasuwa ya san wannan ƙara: ƙwaram, ƙwaram, daga ƙarƙashin mota, duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani kwalta ce, amma kafin mota ta hau ta sai ta ratsa layukan unguwa, rairayi da rani, taɓo da kududdufi da damina. Haka take yi kullum, ɗauke da buhunan shinkafa, jarkokin mai, kwandunan tumatir da ƙwai. Wata rana sai a ga bayanta ya durƙusa kamar raƙumin da aka labta wa gishiri. A nan ne mai mota ke fara tambaya: amortisa zan canza, risor zan ƙara, ko ɗaga motar zan sa a yi?

Masu sauraronmu a rediyo sun sha yi mana wannan tambaya, musamman ƴan kasuwa da mota guda ce jarinsu, ita ce kuma ta kai yara makaranta. Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Mun sayi amortisa biyu na baya wurin wani mai sayar da kayan mota, baƙaƙe wul, suna ƙyalli, ya rantse daga Turai suka zo. Ba su kai wata biyu ba suka fara zubar da mai. Da bakanike ya kankare fentin, sai ga tsatsa. Muka biya kuɗin kaya sau biyu, kuɗin aiki sau biyu. Araha ba ta ado.

Kowane ƙarfe da aikinsa

Kuskuren farko shi ne zaton amortisa ce ke ɗaukar nauyi. Ba ita ba ce. Risor, wato ƙarfen nan mai naɗi, shi ke ɗauke da mota da kayanta. A motoci irin su Hilux, bashe 504 da Hiace ta faba-faba, lam ne ke wannan aiki a baya, wato faffaɗan ƙarafan da aka jera bisa juna. Aikin amortisa shi ne ta hana risor ci gaba da rawa bayan an wuce rami, ta danne taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Saboda haka in mota ta durƙusa ko babu kaya a ciki, risor ne ya gaji, sabuwar amortisa ba za ta tashe ta ba. In kuwa tana tsaye daidai amma tana lilo kamar kwalekwale a kogin Isa, to amortisa ce ta mutu. Ƙwaram-ƙwaram ɗin nan kuma, sau da yawa daga rotil ne ko robobin da kanikawa ke kira silambulok, waɗanda kuɗinsu bai kai na amortisa ba. Kada a yarda a sayi babba alhali ƙarami ne ya lalace.

Gwajin da kowa ke iya yi

A tsai da mota wuri mai daidai, a danna kusurwarta da ƙarfi, a saki. In ta taso ta tsaya, da sauranta. In ta yi sama da ƙasa sau biyu ko uku, ta gama aiki. A leƙa bayan taya: amortisar da jikinta ya jiƙe da mai, ƙura ta manne, ta fashe ke nan. A shafa bisan taya da hannu: in ta cinye tudu da kwari, alama ce ta tsalle. Kamfanonin da ke ƙera amortisa sukan ba da shawarar canza ta wajen kilomita 80.000, amma motar da ke bin layukan Talladje da kaya ba lalle ta kai haka ba. Kuma yawancin motocinmu, Starlet, Corolla, Carina, sun riga sun ci dubban kilomitoci a Turai kafin su sauka tashar jirgin ruwa.

Sabuwa ko ta hannu?

Shekara da shekaru ta Kwatano motoci da kayansu ke shigowa, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gadar ba, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau, mai saye ne ya biya. Irin wannan lokaci ne kasuwar jabu da tsohon ƙarfe mai sabon fenti ke ci.

Sunayen da aka sani a wannan fanni su ne KYB ta Japon, Monroe, da Sachs da Bilstein na Jamus. Amma suna bisa kwali ba shaida ba ne, don masu jabu ma sun iya buga kwali. A duba lambar da aka zana jikin ƙarfen, ta dace da irin motar da shekararta. A nemi rasit, a kuma yi magana kan mayarwa tun kafin a biya.

In aljihu bai kai sabuwa ba, ta hannu mai kyau ta fi sabuwar jabu. A je tare da bakanike. A duba sandar tsakiya: babu tsatsa, babu ƙarzuwa, babu mai. A danna ta da hannu, ta shiga a hankali da nauyi, ba zuruf ba. In mai gas ce, ta fito da kanta.

Mai gas ko mai mai? Duka biyun akwai mai a cikinsu. Bambancin, mai gas an ƙara mata iskar da ke hana man yin kumfa in ya yi zafi. Mai zirga-zirga cikin gari da kaya kaɗan, mai mai ta ishe shi, ta fi laushi. Mai bin kasuwannin ƙauye bisa jar ƙasa mai gargada, cikin zafin Afrilu, mai gas ta fi masa. Ko wacce aka zaɓa, biyu ake canzawa tare, dama da hagu. Sabuwa gefe guda, matacciya gefe guda, mota za ta riƙa karkata wajen birki. Bayan aikin gaba kuma a je a daidaita tayu, abin da ake kira paralelisim, in ba haka ba sabuwar taya ta cinye gefe guda cikin ƴan watanni.

Ɗaga mota da ƙarin lam

Tun ruwan 2024, da ya yanke hanyar Dosso a Sorey cikin watan Agusta, ya kuma cika layukan unguwanni, mutane da yawa ke son a ɗaga musu mota. Kal na santimita 2 ko 3 bisa risor yana hana cikin mota gugar ƙasa, kuma bai cika ɓarna ba. In aka wuce haka, kardan na aiki a karkace, robarsa ta yage, rairayi ya shiga, motar kuma ta riƙa rinjaya a kwana. Su kuwa risor gajeru da samari ke sawa don mota ta kwanta ta yi kyau, an yi su ne don hanyoyin Turai. Sawa motar kasuwa irinsu ɓarnar kuɗi ce.

Ƙarin lam ɗaya ko risor mai ƙarfi na hana mota durƙusawa, gaskiya ne. Amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ko aksil ba. Mota ta daina nuna gajiya, nauyin kuwa na nan. Ƙaramar mota irin Corolla, abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da mutanen ciki. Manya huɗu, kilo 70 kowane, sun ci 280. A ɗora buhun hatsi biyu na kilo 100, an kai 480. Buhu na uku, bashi ne ake ci daga amortisa. Iyakar nauyin kowace mota na rubuce jikin ƙofar direba ko a takardunta.

Taya ma tana faɗin nata. Lambar da ke bin girman taya ita ce nauyin da take iya ɗauka: 82 na nufin kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT kuma mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2319, mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta na nan, zafin kwalta na fasa ta.

Ga iyayenmu mata

Hajiya, ko ba ki da mota, zancen ya shafe ki. Kafin ki loda kaya cikin taksi mai jan kai, dubi bayanta. In tayar baya ta shige cikin jikin mota tun ba a ɗora komi ba, bar ta ta wuce. Ƙwai da tumatir ba su jure lilo, kuma jikka ɗayan da kika rage wajen ciniki ba za ta biya kwandon da ya dame ba. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, kusa da kujerar baya, masu fashewa a sama. In lodi ya yi yawa, sawu biyu ya fi sawu guda da ba a isa ba.

Shawararmu ga mai mota ita ce ya bi abin daki-daki: robobi da rotil tukuna, sannan amortisa biyu masu kyau, risor in ya gaji, taya mai ɗaukar nauyi, ɗagawa kuma sai in ta zama dole. Kuma a yi aikin tun da rani, kafin ruwan Yuli ya rufe ramuka. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.