Diyya Tana Bin Takarda: Darasin Gubar Abijan Ga 'Yan Kasuwa Da Iyalansu

Ya kai mai karatu, ko kana da rumfa a kasuwa, ko kana fatauci tsakanin ƙasa da ƙasa, ko kuwa ke ce uwar gida mai riƙe da iyali, wannan bayani ya shafe ka. Masifar guba ba ta sallama kafin ta shigo gari. Tankar sinadari takan kife a bakin hanya, ma'ajiyar maganin ƙwari takan kama da wuta, wani marar imani yakan zubar da sharar masana'anta kusa da gidajen mutane cikin dare. Idan rai ya salwanta a irin wannan hali, gwamnati takan yi wa iyalan mamata alkawarin diyya. Sai dai alkawari daban, kuɗi a hannu daban. Abin da ya auku a birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, inda Hausawa fatake suka daɗe suna zaune suna sana'a, ya nuna wanda ke samu da wanda ke tashi hannu Rabbana, da kuma dalilin hakan.

Abin da ya faru

A watan Agusta na shekarar 2006, wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala ya tsaya a tashar Abijan. Kamfanin cinikin mai na Trafigura ne ya yi hayarsa. A cikinsa akwai dagwalon da ya rage bayan an wanke wani nau'in mai marar kyau da sinadari mai ƙuna. Tun a watan Yuli an so a sauke wannan dagwalo a Amstadam ta ƙasar Holan, amma da masu aikin can suka gwada shi suka ga haɗarinsa, sai suka ɗaga farashin sarrafa shi ninkin ba ninkin. Aka mayar da shi cikin jirgi. A Abijan wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy, wanda bai daɗe da samun lasisi ba, ya karɓi aikin da arha. A daren 19 ga Agusta motocin tanka suka fara kwasa, suka zubar da fiye da lita 500,000 a wurare kusan 18 a faɗin birnin, har da babban jujin Akuwedo.

Gari ya waye da wani irin wari mai shaƙe maƙogwaro. Mutane suka riƙa fama da ciwon kai da amai da haɓo da zafin ido da ƙuraje da sarƙewar numfashi. Fiye da mutum 100,000 suka nemi magani a asibitoci. Hukumomi sun ƙidaya mamata tsakanin 15 zuwa 17. Fushin jama'a ya kai ga majalisar ministocin Firayim Minista Charles Konan Banny ta yi murabus a farkon watan Satumba.

Yadda gwamnati ta tsara diyya

A watan Fabrairu na 2007, kamfanin Trafigura ya amince ya biya gwamnatin Kodebuwa kimanin sefa biliyan 100, ba tare da ya amsa laifi ba. Ita kuma gwamnati ta yi alkawarin ba za ta gurfanar da shi ba. A tsakiyar wannan shekara aka bayyana rabon. Iyalin kowane mamaci za su karɓi sefa miliyan 100. Wanda aka kwantar a asibiti zai karɓi miliyan 2. Wanda aka duba aka sallama zai karɓi 200,000, wato jaka ɗari biyu. An kuma ware wani kaso ga masu sana'ar da suka yi asara. Kaso mafi tsoka kuwa ya tsaya a hannun hukuma, da sunan biyan kuɗin kwashe gubar da ayyukan raya ƙasa.

Ka lura da kyau da wannan: jerin sunayen waɗanda za a biya, daga rajistar asibitoci aka ɗauko shi. Wanda ya je asibitin da aka keɓe a kwanakin masifar, aka rubuta sunansa, ya shiga lissafi. Wanda ya zauna a gida ya sha saiwa, ko ya sayi ƙwaya a hannun mai talla, ko ya ga layi ya yi tsawo ya koma rumfarsa, ko ya kwashi iyalinsa ya bar gari, to sunansa bai shiga ba, ko da kuwa ya fi kowa shan wahala. Cikin waɗanda aka rubuta ma ba kowa ya karɓa ba. A shekarar 2009 aka dakatar da biyan, bisa dalilin cewa wasu na karɓa da sunan wasu, kuma takardun shaidar mutane da yawa ba su dace da abin da ke cikin rajista ba.

Hanya ta biyu da yadda aka tare ta

Wasu mutum kimanin 30,000 sun bi wata hanya dabam. Lauyoyin Leigh Day suka shigar musu da ƙara a kotun Landan. A watan Satumba na 2009 aka yi sulhu a kan fam miliyan 30, wato kusan fam 1,000 ga kowane mutum. Abubuwa biyu suka biyo baya, kuma duka suna da darasi.

Na farko, sanarwar sulhun ta ce masanan da suka duba lamarin ba su iya tabbatar da alaƙa tsakanin dagwalon da mutuwa ko ɓarin ciki ko mummunan ciwo mai ɗorewa ba. Kamfanin ya tsaya a kan wannan matsayi, alhali hukumomin Kodebuwa sun ƙidaya mamata. Daga nan za ka gane cewa a shari'ar guba, inda gardama ta fi tsanani shi ne tabbatar da cewa gubar ce ta kashe mutum. Cewa "kowa ya sani" ba ta isa hujja a gaban alƙali.

Na biyu, da kuɗin suka iso banki a Abijan, sai wata ƙungiya ta fito ta ce ita ce wakiliyar waɗanda abin ya shafa. Aka yi ta ja-in-ja a kotu, wani ɓangare na kuɗin ya faɗa hannunta, ya kuma salwanta. Kimanin mutum 6,000 suka rasa haƙƙinsu ta wannan hanya.

Maganar ba ta mutu ba. A ranar 5 ga Satumba, 2023, shekara 17 bayan masifar, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi da ke Arusha a Tanzaniya ta yanke hukuncin cewa Kodebuwa ta tauye haƙƙin rayuwa da na lafiya na mutanenta a wannan lamari. Ta umarci gwamnati ta sake ƙidaya waɗanda abin ya shafa, ta kafa asusun biyansu diyya. Ka yi tunanin iyalin da aka ce su kawo shaida bayan shekara 17. Wanda ya adana takardunsa yana da abin nunawa. Wanda ya yar da su sai dai labari.

Hujjoji uku da ake nema

Tsarin kowace ƙasa ya bambanta, amma da wuya a biya diyyar rai ba tare da an amsa tambayoyi uku ba.

Ta farko: shin mamacin yana wurin lokacin da abin ya faru? A nan ƙananan takardun da kake rainawa ke amfani: tikitin harajin kasuwa, rasit na hayar rumfa ko ɗaki, katin ƙungiyar 'yan kasuwa, tikitin mota, takardar makarantar yaro.

Ta biyu: shin ciwon da ya yi ajalinsa yana da alaƙa da gubar? Wannan aikin likita ne. Katin asibiti, takardar magani, sakamakon gwajin jini, hoton ƙirji, da takardar shaidar mutuwa mai ɗauke da sanadi, su ne ke magana.

Ta uku: wane ne ke da ikon nema a madadin mamacin? Ana buƙatar takardar da ke nuna magada, da takardar aure, da takardun haihuwar yara.

Waɗannan tambayoyi ba a Afirka kaɗai ake yin su ba. A Amurka, bayan harin 11 ga Satumba, 2001, dubban mutanen da suka shaƙi ƙurar gine-ginen da suka rushe a birnin New York sun kamu da ciwon huhu da kansa, wasu bayan shekaru masu yawa. Gwamnati ta sake buɗe asusun diyya a 2011, a 2019 kuma ta tsawaita wa'adin karɓar buƙatu har zuwa 2090. Duk da wannan sassauci, sai iyali sun kawo shaidar cewa mamacin yana wurin, da shaidar ciwonsa, da takardar kotu mai naɗa wanda zai wakilce shi. Wani darasin kuma shi ne, guba takan yi kwanton ɓauna a jiki. Don haka kada ka yar da takarda don kawai ka ji sauƙi.

Abin da za ka yi tun ranar farko

1. Ka fara da tsira da rai. Ka fitar da iyali daga wurin, ku nufi ɓangaren da iska ke tasowa, ba inda take kai warin ba. A cire tufafin da suka taɓa gubar, a wanke jiki da ido da ruwa mai yawa. Kada a ci ko a sayar da abincin da ya gurɓata.

2. Ku je asibiti ko da ciwon bai yi tsanani ba. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya inda kake da abin da ka shaƙa ko ka taɓa, ka roƙe shi ya rubuta. Kowa a rubuta shi da sunansa, har jariri da mai juna biyu.

3. Ka duba yadda aka rubuta sunan. Wannan ya fi shafar mai ƙetare iyaka. Usman a wata ƙasa shi ne Ousmane a wata, Muhammadu shi ne Mahamadou. Ka tabbata abin da ke cikin rajistar asibiti ya yi daidai da katin shaidarka harafi da harafi. Idan baƙo ne kai a ƙasar, ka mallaki katin ofishin jakadancin ƙasarku tun kafin buƙata ta taso.

4. Idan Allah ya yi wa wani rasuwa, gaggauta jana'iza abu ne da aka saba kuma ake girmamawa. Amma kafin a ɗauki gawa, a samu mutum ɗaya mai natsuwa ya nemi likita ya duba ya rubuta sanadin mutuwa. Idan a gida aka rasu, a sanar da asibiti mafi kusa. Daga nan a kai rahoto ofishin rajistar haihuwa da mutuwa cikin wa'adin da dokar ƙasar ta tsara, domin idan wa'adi ya wuce, a ƙasashe da yawa sai an bi ta kotu.

5. Ka adana takardu na asali a cikin leda, a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba. Ka ɗauki hotonsu da waya, ka tura wa ɗan'uwa amintacce. Kwafi ake miƙa wa ofis. Idan dole ne a bar na asali, a karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata.

6. Iyali su zauna su zaɓi wakili ɗaya, a rubuta sunayen magada duka, a kai gaban hukumar da ke tabbatar da su. Rigimar gida takan riƙe kuɗi a ofis shekara da shekaru.

Haƙƙin gwauruwa da marayu

Ki saurara, ke da aka bari da yara. A Kodebuwa, auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari shi ne doka ta sani. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci ko bisa al'ada kaɗai tana iya samun kanta ba ta da matsayi a gaban hukuma ranar da ake lissafin magada. Yaron da ba shi da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan mahaifinsa ma yana iya faɗawa wannan rami. Saboda haka maigida mai hangen nesa yakan binciki dokar ƙasar da yake zaune, ya kammala waɗannan takardu tun yana da rai da lafiya. Idan kuɗi suka fito, dangi su tuna cewa rabon maraya amana ce, a ajiye shi inda za a iya ba da lissafinsa.

Hattara da 'yan tsakiya

Duk inda aka ambaci diyya, masu neman na banza sukan taru. Wani zai zo da fom yana neman kuɗin rajista. Wani zai ce ka ba shi katinka ya karɓo maka. Wani zai kawo takarda cikin harshen da ba ka karantawa, ya ce ka dangwala yatsa. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka an fassara ba, domin wasu takardun sulhu suna ɗauke da sharaɗin cewa ka yafe duk wata ƙara nan gaba. Ka je ofishin da hukuma ta ambata da ƙafarka, ka tambayi ranar rufe karɓar buƙatu, ka nemi a biya kuɗin cikin asusu mai sunan mai haƙƙi. Haɗa kai da sauran iyalai yana da amfani ƙwarai, muddin shugabannin sanannu ne, ana taro a fili, ana kuma karanta lissafi kowa na ji.

Babu adadin kuɗin da zai maye gurbin uba ko uwa ko ɗa. Amma diyya takan riƙe yaro a makaranta, ta biya hayar ɗaki, ta mayar da jarin da jinya ta cinye. Ka fara yau: ka tattara katin shaida da takardar aure da takardun haihuwar yaranka wuri guda, ka kuma karanta wa maƙwabcin rumfarka wannan bayani. Allah ya kiyashe mu da masifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.