Talabijin mai ƙusumbi da masu nemanta a yau

Da zarar an ji labarin Turawa na sayen tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da tsada, sai tsohuwar jita-jitar nan ta motsa: wai akwai jar makuri a cikinta. Babu wani sinadari mai wannan suna, yaudara ce ta 'yan damfara. Masu sayen nan 'yan gem ne.

Dalilinsu jinkiri ne. Na'urori irin su Sega Mega Drive da PlayStation ta farko suna aika hoto mai layi 240, tsohuwar talabijin kuwa tana zana shi a gilashi layi bayan layi, daidai lokacin da ya iso. Filasma ba ta jin wannan yare, sai ta tsaya ta sarrafa hoton ta faɗaɗa shi, kamar alƙalin da ba ya jin mai ƙara sai tafinta ya gama. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa ta lalata wasa. Shi ya sa bindigar Duck Hunt, wasan Nintendo na 1984, ba ta harbin komai a filasma, kuma masu gasar Super Smash Bros. Melee a Amurka har yau suke ɗaukar waɗannan akwatuna masu nauyi zuwa zauren gasa.

Akwai kuma batun zane. Ruwan da ke gangarowa a Sonic the Hedgehog na 1991 layuka ne a tsaye, waɗanda wayar bidiyo ta da ke cakuɗawa har a riƙa ganin abin da ke bayan ruwan. A filasma sai ka ga zane-zane kawai.

Haɗa tsohuwar talabijin da na'urar zamani na buƙatar lura. Ƙananan akwatunan sauya HDMI masu araha sukan dawo da jinkirin da ake gudu. Na'urori irin su Raspberry Pi da MiSTer kuwa suna iya fitar da layi 240 ɗin kai tsaye.

Sony ta daina ƙera talabijin ɗinta mai ƙusumbi, Trinitron, tun 2008, saboda haka duk wadda aka fasa ta tafi ke nan. A nan kuwa 'yan gwangwan ke fasa su don jan ƙarfe, su watsar da gilashin mai ɗauke da dalma a juji inda yara ke tsince-tsince, hukumomin muhalli na kallo. Mai neman makuri ya sani cewa talabijin ɗin na aiki da wuta ta kusan bolt 25,000, kuma takan riƙe caji bayan an zare ta daga soket.