Shigar Sojojin Waje da Ra'ayin Jama'a

Shigar sojojin wata ƙasa cikin rikicin mulkin maƙwabciyarta tsohon al'amari ne a Afirka ta Yamma, kuma ya taɓa Jamhuriyar Benin, wadda ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ke iyaka da ita ta wajen Tsamiya da Segbana. A ranar 7 ga Disamba 2025 wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Pascal Tigri suka sanar ta gidan talabijin a Kwatano cewa sun hamɓarar da Shugaba Patrice Talon. Gwamnatin Benin ta nemi agajin Najeriya, jiragen yaƙi suka kai farmaki, yunƙurin ya watse.

Babban kuskuren da ke yawo a wayoyi da majalisun hira shi ne ɗaukar tafi da ihun titi a matsayin ra'ayin jama'a, har a yanke hukunci cewa dimokuraɗiyya ta tsira ko ta mutu. Tarihin Mali ya isa ya ƙaryata wannan. A Fabrairun 2013 mutanen Timbuktu sun tarbi Shugaba Hollande na Faransa da kiɗa da rawa, saboda sojojinsa sun kori masu tayar da ƙayar baya daga garin. Kashe-kashe ba su tsaya ba, soja suka karɓi mulki a 2020 da 2021, kuma a 2022 sojojin Faransa suka fice, ana ta zanga-zangar ƙin jininsu a Bamako. Ƙasa ɗaya, shekara tara, murna ta koma tsana.

Zaɓen da ke biyo bayan shigar dakarun waje ma ba koyaushe yake nuna son zuciyar mutane ba. Dakarun ECOMOG na ƙungiyar ECOWAS sun shiga Laberiya a 1990; da aka yi zaɓe a 1997 Charles Taylor ya lashe da gagarumin rinjaye, da yawa kuwa sun zaɓe shi ne don tsoron ya koma daji da yaƙi. Gambiya ta fi dacewa, domin jama'a sun riga sun kayar da Yahya Jammeh a akwatin zaɓe a Disambar 2016, dakarun ECOWAS sun tabbatar da hukuncin ne kawai a Janairun 2017. Ita Benin, da ta yi suna da taron ƙasa na 1990, ta gudanar da zaɓen 'yan majalisa na 2019 babu jam'iyyar adawa ko ɗaya. Jirgin yaƙi ba ya gyara irin wannan ɓaraka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka wajibi ne mazauna iyaka su daina tura duk bidiyon da ya faɗo musu a WhatsApp kafin su san ranar da aka ɗauke shi da garin da aka ɗauka. Abin takaici ne mai ilimi ya zama ɗan aiken jita-jita. Tambayoyin da suka kamata su ne: wa ya gayyato sojojin, yaushe za su tafi, kuma shin adawa da 'yan jarida da kotuna na da bakin magana bayan tafiyarsu? Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa neman amincewar Majalisar Dattawa kan tura sojoji yaƙi a waje, saboda haka sanata na da amsar da zai ba mazaɓarsa. An ga tasirin wannan a Agustan 2023, lokacin da sanatoci da sarakuna da malaman Arewa suka ƙi goyon bayan afka wa Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can. Haka kuma haramun ne a huce haushin siyasa kan ɗan kasuwa ko direban da ya tsallako daga Benin ko Nijar, domin Dandawa da Fulani da Hausawan ɓangarorin dangin juna ne, kuma rufe iyaka su yake fara cutarwa.