Ko Kun Sani? Agwagwar Gidanmu Baƙuwa Ce

Agwagwar nan mai jan tsiro a fuska, wadda ke rangaji a tsakar gidajenmu na karkara, asalinta daga Meziko da Kudancin Amurka take. Mutanen can suka fara kiwonta, sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka yaɗa ta a duniya.

Ita ce sarkin haƙuri wajen kwanci. Kaza kan ƙyanƙyashe a kwana 21, sauran agwagi a kwana 28, amma ita sai ta kai 35. Shi ya sa idan aka sa wa kaza ƙwayayen agwagwar, wani lokaci kazar ta gaji ta tashi ta bar su. Toron kuwa ba ya kuka, huci kawai yake yi yana kaɗa wutsiya, don haka gadin gida na kare ne.

Mai doki ya fi kowa cin moriyarta. Kashin doki a turke yana tara ƙudaje, ita kuma tana wuni a wurin tana caccakar tsutsa, har ƙuda mai tashi takan cafke. Sai dai a ɗaga bokitin ruwan dokin, domin in ta kai gare shi, wanka za ta yi a ciki.